Jirgin Mauretania na takarda a ma'aunin 1:400: inda zanen ya yi kyau da inda yake ba da wahala a Damagaram

Abin da ake biya kuɗi a kansa a nan fayil ne na PDF. Ba kwali za a aiko maka ba, babu gam, babu wuƙa. Ka sauke shi a waya, ka kai shagon buga takardu, ka dawo gida da shafukan A4 cike da ƙananan sassa masu lamba, da wasu shafukan da ke nuna yadda ake haɗawa. In an yanke an manne yadda ya kamata, abin da ke fitowa shi ne jirgin ruwan fasinja mai suna Mauretania a ma'aunin 1:400, wato kowace mita ɗaya ta jirgin gaske ta koma milimita 2 da rabi. Tsawon jirgin ya kai mita 241, faɗinsa kusan mita 27, saboda haka na takardar yana cin santimita 60 a kan teburi, faɗinsa bai cika santimita 7 ba. An yanke shi a layin ruwa, ƙasansa shimfiɗe, babu farfela babu abin da ke cikin ruwa.

Zanen ya kama kamannin jirgin sosai, kuma ya cancanci kuɗinsa. Sai dai wanda ya zana shi bai san garin da farin gam ke bushewa kafin a kai takarda wurinta ba, kuma bai kamata ya zama aikin farko na kowa ba.

Kamfanin Cunard ne ya mallaki jirgin. An gina shi a Wallsend, a bakin kogin Tyne a arewacin Ingila, aka tura shi ruwa a watan Satumba na 1906, ya fara tafiya daga Liverpool zuwa New York ranar 16 ga Nuwamba 1907. Gwamnatin Birtaniya ta ba Cunard bashin fam miliyan 2.6 don a gina shi da ɗan'uwansa Lusitania, domin tun 1897 jiragen Jamus, farawa da Kaiser Wilhelm der Grosse, suka ƙwace gaba a gudun ƙetare Atilantika. A 1909 Mauretania ya ƙetare zuwa yamma da gudun da ya ɗan haura kilomita 48 a awa, kuma ba a karɓe masa wannan kambu ba sai 1929, da jirgin Bremen ya fito. An farfasa shi a 1935. Mai haɗa na takarda yana bukatar waɗannan shekarun ne don kamannin jirgin sun sauya sau da yawa. Bayan nitsewar Titanic a 1912 an ƙara masa kwale-kwalen ceto, a ƙarshen rayuwarsa kuma an shafe shi da farin fenti. Wannan fayil na shekarun farko ne: gangar jiki baƙa, benaye farare, bututun hayaƙi huɗu masu jan ruwan lemo da baƙin kai. In za ka nemi hotuna don kwatantawa, ka nemi na kafin 1912, in ba haka ba ka riƙa ganin kuskure inda babu.

Rabin nasarar aikin a shagon bugawa take, kuma nan aka fi ɓata shi. Kwamfutocin shagunan nan da Faransanci suke, kuma sau da yawa zaɓin da ke kunne shi ne Ajuster, wanda ke rage shafi ya dace da bakin takarda. Wanda ake so shi ne Taille réelle, ɗari bisa ɗari. Mai shago ya saba da takardun makaranta da na neman aiki, ragin kashi 4 cikin ɗari ba ya gaya masa komai, don haka sai ka tsaya a kansa ka ce, "Malam, don Allah a bar shi a ɗari bisa ɗari, kowane shafi." Dalilin a fili yake. Gefen jirgin mai santimita 60 ba ya shiga A4 mai santimita 29.7, dole an raba shi uku. In aka rage wani shafi da kashi 4 aka bar wani yadda yake, yanki mai santimita 20 zai gaza da milimita 8, kuma ba za ka gane ba sai gefen ya ƙare bai kai goshin jirgi ba. A shafukan sassan akwai ɗan layin awo a gefe. Ka je da rula, a buga shafi ɗaya, ka auna a gaban mai shago, sannan a ci gaba. Kuma a buga duka rana ɗaya a na'ura ɗaya. Baƙin wannan na'ura ba baƙin waccan ba ne, kuma a jikin jirgi inda yanki biyu suka haɗu ido yana kama bambancin daga nesa.

Fayil ɗin ya ce a buga komai a takarda mai kauri ɗaya, gram 160, wato nauyin murabba'in mita ɗaya na takardar. Ba mu yarda da wannan ba. Gram 160 tana da kaurin kusan milimita 0.2, wanda a jirgin gaske santimita 8 ke nan. Ta yi wa gefen jirgi da benaye da bangon ɗakuna daidai. Amma bututun shaƙar iska da kwale-kwale da duk abin da za a naɗe a faɗin da bai kai milimita 4 ba, gram 160 tana tsagewa gida biyu a hannu, fuskar da ke da launi ta rabu da ta baya. Waɗannan shafukan a sake buga su a takardar fotokofi ta gram 80, ko 120 in an samu. Shafukan ƙashin jirgi, wato ginshiƙan ciki da ake ɗora jikinsa a kai, su ma 80 ta isa, tun da a kan kwali za a manna su. Biristol ɗin da masu kayan makaranta ke sayarwa tana yi in ba ta wuce gram 180 ba. Mai sheƙi a bar ta, gam ba ya kama ta.

Batun tawada ba shi da amsa mai daɗi. Na'urar leza tana ba da baƙi mai ƙarfi wanda ruwa ba ya wankewa, amma hodar tana zama a saman takarda ne, tana fashewa a kan lanƙwasa ta bar farin layi, zafin na'urar kuma yana nannaɗe biristol. Na'ura mai tawadar ruwa launinta ya fi laushi, yana lanƙwasuwa ba fashewa, amma ɗigon gam ɗaya ko gumin yatsa a watan Afirilu ya isa ya bar tabo. A jirgin da rabinsa baƙi ne mun fi son ta tawadar ruwa, da sharaɗin a bar shafukan su kwana a shimfiɗe kafin a taɓa su, a kuma ajiye tsumma a gefe don share hannu.

Ƙashin jirgi shi ne wurin da zanen ya fi burge mu. Akwai faranti na ƙasa mai siffar jirgin, da ƙashin baya guda mai tafiya daga goshi zuwa baya, da haƙarƙari masu tsaga da ke shiga cikin tsagar ƙashin bayan. Duka ana manna su a kwali mai kaurin milimita 1. Tsagar an zana ta don milimita 1 cif, takarda da gam da kwali gaba ɗaya. In kwalinka shi kaɗai ya cika milimita 1, da takarda a kai zai haura, haƙarƙari su shiga da ƙarfi, kowane ya ɗan ture ƙashin baya, a ƙarshe jirgi ya fito a lanƙwashe kamar ayaba. Ba sai da na'urar awo ba: ka jera yanka goma na kwalin, ka matse, ka auna da rula. In sun ba da milimita 9, ka samu abin da kake so. Kwalin bayan kalanda ko na akwatin takalmi yakan zo kusa da haka, na akwatin magani sai an ninka biyu. Kwalin katon mai rami a ciki ba ya wannan aiki ko kaɗan.

Wajen manna takarda a kwali kada farin gam ya shigo. Ruwan da ke cikinsa yana kumbura takardar, tana bushewa ta ja kwalin ya tanƙware. A yi da gam na sanda, ko a shafa na masu gyaran takalmi siriri a fuska biyu a waje inda iska take, a danne da littattafai ya kwana. Farantin ƙasa kuma a kafa shi a kan gilas ko katako mai santsi da ɗigon gam huɗu ko biyar, kada a ɗaga shi sai an gama gefen jirgi. Duk jirgin takarda da ka ga goshinsa ya ɗaga sama, an gina shi ne a hannu ba a kan gilas ba.

Sai gefen jirgi. A nan iskar garin nan take shigowa cikin maganar. Umarnin fayil ɗin ya ce a shafa gam a bakin haƙarƙari duka, a ɗora yankin gefen, a gyara shi. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, farin gam da aka shafa siriri yana yin fata cikin ƴan daƙiƙu. Kafin ka kai haƙarƙari na huɗu na farko ya bushe. Abin da ke yi shi ne a fara lanƙwasa yankin tun babu gam, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: a ɗora shi a tafin hannu ko a kan robar silifa, a murza bayansa da jikin biro har ya kwanta a kan ƙashin da kansa ba a riƙe ba. Sannan a manna tsakiya kaɗai, santimita 3 ko 4, a daidaita layin bene, a ci gaba zuwa gaba da baya haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, ana kai gam da tsinken sakace. Gam ɗin a zuba kaɗan a murfin kwalba, a ɗiga masa ruwa, a kife kofi a kai. UHU na ruwa yana ba da ɗan lokacin gyara kuma ba ya jiƙa takarda, amma yana jan zare, kuma zarensa a kan baƙi yana sheƙi.

Kada a sa gam da yawa a bakin haƙarƙari. Yana bushewa yana jan takarda ciki, sai gefen jirgi ya fito da layin kowane haƙarƙari kamar akuyar da ta sha rani. Ya fi a manna bakin sama da na ƙasa sosai, a bar tsakiya da ɗigo kaɗan. Wanda ke son gefe mai santsi ya liƙa siraran takarda mai faɗin milimita 5 a kan bakin kowane haƙarƙari tukuna.

Da damina matsalar juyawa take. Takarda tana shan laima ta ɗan buɗe, gam yana daɗewa, kuma jirgin da aka rufe gefensa a Agusta yana iya buɗe baki a mahaɗa idan hunturu ya kama. Aikin gefe a gama shi cikin mako ɗaya, a yanayi ɗaya.

Bayan jirgin shi ne laifin fayil ɗin na farko. Jiragen wancan zamani bayansu zagaye yake, yana fitowa sama da ruwa kamar ƙasan ƙwarya, kuma takarda ba ta lanƙwasuwa ta fuska biyu a lokaci ɗaya. Mai zanen ya raba wurin zuwa ƴan yanka masu kama da ɓawon lemo, kowane da kunnuwan mannawa. Kunnuwan su ne matsalar: kowace mahaɗa tana hawa kan ƴar'uwarta da kaurin takarda, sai bayan ya fito da matakala. A yanke kunnuwan a zubar, a haɗa yankan baki da baki, a liƙa siririyar takardar gram 80 ta ciki, sannan a murza cikin da bayan ƙaramin cokali har mahaɗar ta kwanta. A buga wannan shafin sau biyu tun a shago, da wuya na farko ya fito.

Abu ɗaya da umarnin bai ambata ba sam, alhali shi ke raba aikin gwani da na ɗan koyo, shi ne shafa launi a bakin yanka. Duk inda wuƙa ta bi, farin cikin takarda yana fitowa, kuma a kan baƙin jirgi kowane farin layi a ma'aunin nan kamar tsaga ce mai santimita 8. Kafin a manna kowane yanki a bi bakinsa da launi, daga bayan takarda, da gefen bakin alƙalami. Maka mai ƙarfi tana malala cikin takarda ta ɓata fuska, fensir mai launi ko launin ruwa na ƴan makaranta wanda ba a cika masa ruwa ba ya fi. Ga fararen ɗakuna ba a bukatar komai.

Benaye da ɗakuna ba su da wata wahala, yawa ne kawai. Ana jan layin lanƙwasa da biron da tawadarsa ta ƙare a jikin rula ta ƙarfe, a naɗe, a manna. Lambobin sassan suna bin tsari daga ƙasa zuwa sama, kuma wuraren da za a ɗora kowane abu an bar su fari da lamba a kai. Sun dace da juna, ba mu ga inda ya wuce rabin milimita ba. Wuƙa dai, irin mai baki gaɓa-gaɓa da ake karyawa, a riƙa karya bakinta akai-akai. Da zarar ta fara jan gashin takarda ta dakushe. Rabin reza ya fi ta a ƙananan sassa, a naɗe ɗaya gefen da salatif.

Bututun hayaƙi huɗu su ne fuskar jirgin. Na Mauretania duka huɗun suna aiki, ba kamar na Titanic ba da na huɗunsa ba na tukunyar wuta ba ne, kuma tazararsu daidai take, ba bibbiyu ba irin na jiragen Jamus. Ba da'ira ba ne, siffar ƙwai gare su, kuma sun ɗan kwanta baya. Fayil ɗin ya ba da faifai biyu na kwali ga kowane, sama da ƙasa, don riƙe siffar. A ƙara na uku a tsakiya, in ba haka ba cikin yana shiga. Mahaɗar ta fuskanci baya. Kafin gam ya kama a duƙa a hango su daga goshin jirgi, ido ɗaya a rufe: in ka ga bututu fiye da ɗaya, wani ya kauce. A takarda ma a lura da yadda zarenta ya kwanta. A yawancin A4 yana bin tsawon shafi ne, kuma takarda tana naɗuwa lami lafiya idan sandar naɗin ta bi zaren. In ta gitta shi sai ƙananan karaya su fito a jan launin.

Laifi na biyu yana wajen bututun shaƙar iska, waɗanda ke tsaye a bene da baki buɗe kamar lofe. Su ne ke raba Mauretania da Lusitania a hoto, don na Lusitania gajeru ne masu murfi. Suna da yawa a saman benen, kuma mai zanen ya ba da su a sauƙaƙe, fuska biyu da ake mannawa baya da baya. Daga gefe ba laifi, daga sama kamar an kafa kati. Wanda ke da haƙuri ya naɗe jikin da takardar gram 80 a kan sifok ɗin keke, ya yi kan da ƴar da'ira da aka danna a kan roba da kan ashana har ta zurfafa, ya shafa ja a ciki. Ɗigon sufa gulu yana sandarar da shi. Aikin yini biyu ne ko uku, amma shi ido ke fara sauka a kai.

Kwale-kwalen ceto mai mita 9 yana fitowa kusan milimita 22. An zana su a rufe da tamfol, wanda ya rage aiki ƙwarai. Shingen bakin bene kuwa, mai tsayin milimita 2 da rabi, an buga shi a matsayin layuka a kan farar takarda. Ya yi nauyi a ido. Ko a bar shi gaba ɗaya, ko a buga shafin a farar leda mai ƙarfi irin ta bangon rahoto, in na'urar shagon tana karɓarta.

Sandunan jirgi biyu kada a yi su da takarda ko da fayil ɗin ya ba da su. Tsinken gora da aka kankare ya sirance zuwa sama, ko waya mai milimita 0.8, ya fi. A huda bene a kai sandar har ta taɓa kwalin ƙashin baya. Igiyoyi da wayar rediyon da ke tsakanin sandunan a yi su da silin tagulla ɗaya da aka zaro daga cikin wayar lantarki, a ja shi da filaya har ya miƙe, a baƙanta shi da maka. Zaren ɗinki yana da gashi, yana kama ƙura, kuma yana saki ko ya ɗaure idan yanayi ya sauya har ya janyo sanda.

Shafukan umarnin zane ne kusan zalla, rubutu kaɗan, saboda haka rashin jin harshen mai zanen ba ya hana aiki. Abin da suka rasa shi ne hoton saman bene daga sama da lambobin ƙananan sassa a kai. Sau da yawa sai an koma ga hotunan jirgin gaske kafin a san inda bututun iska ke fuskanta.

Wanda bai taɓa haɗa jirgin takarda ba ya fara da ƙarami. Great Western na 1838, jirgin da injiniyan Ingila Brunel ya tsara, a ma'aunin nan bai wuce santimita 18 ba, bututu ɗaya gare shi, gefensa kuma yana shiga shafi ɗaya ba mahaɗa. Great Britain na 1843 yana kama santimita 24 da rabi. Wanda ya gama ɗaya daga cikinsu ya san halin gam da takarda, sai ya zo kan wannan. Mai ba shi awa ɗaya ko biyu kullum ya sa ran wata guda zuwa biyu. Kada kuma a rage shi zuwa 1:700 don tsimin takarda. Jirgin zai koma santimita 34, tsagar ƙashin ta koma ƙasa da milimita 0.6, bututun iska su gagari yatsa.

Akwatin ajiya a yi odarsa wurin masu yankan gilas tun kafin a kafa sandunan, cikinsa santimita 70 a tsawo, 15 a faɗi, 20 a tsayi, a toshe mahaɗarsa da silikon. Ƙurar hunturu in ta kwanta tsakanin bututun iska babu burushin da ke fitar da ita ba tare da ya karya wani abu ba. Kada a yi amfani da ƙaro ko ƙullun rogo a ko'ina a jikin jirgin, ko da a ƙashin da ba a gani, don kyankyaso da gara suna bin su. A ajiye akwatin nesa da taga: jan tawada shi rana ke fara ci, kuma a jirgin Cunard jan yana kan bututun hayaƙi. Shafin bututun a buga na ajiya, a sa a ambulan a rufe cikin littafi.